Tarihin Ƙaramar Tagar Da Ke Tare Mu A Fuskar Waya

 A wannan karon za mu ɗan kauce wa tarihin adabi, mu leƙa tarihin wani abu da kowannenmu ke gani sau da dama a rana, ko da bai taɓa raɗa masa suna ba.

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta manhajar banki, ko ya goge saƙo a WhatsApp, ya san abin. Ana dannawa sai wani ɗan akwati ya taso a tsakiyar fuskar waya ko daga ƙasanta, yana tambaya ko an tabbata. Akwatin ba ya cika fuskar. Ana bar masa tazara hagu da dama, kuma ta wannan tazarar ake hango shafin da ake kai ɗazu, ya ɗan yi duhu kamar an yafa masa mayafi. Don mu fahimci juna, akwatin za mu kira shi ƙaramar taga, tazarar mu kira ta gefe, duhun kuma labule.

Gefen nan yana da aikin da yake yi. Shi ke shaida wa mai waya cewa bai bar inda yake ba, tare shi aka yi na ɗan lokaci, kuma da ya ba da amsa zai koma kan abin da yake yi. Kafin a kai ga wannan tsari, sai da maginan manhaja suka shafe kusan shekara hamsin suna jayayya kan tambaya guda: yaushe ya halatta na'ura ta katse wa mutum aikinsa, kuma ta wace hanya?

Takardu a kan tebur

Labarin ya faro ne tun kafin a yi wayar hannu. A ranar 9 ga Disamba, 1968, Douglas Engelbart ya tsaya gaban jama'a a birnin San Faransisko na Amurka, ya nuna linzamin kwamfuta da kuma fuskar da aka raba kashi-kashi, kowane kashi da abin da yake nunawa. Sai dai kason nan suna zaune ne gefe da gefe, babu wanda ke hawa kan ɗan uwansa.

A 1970 kamfanin Xerox ya buɗe cibiyar bincike mai suna PARC a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. Alan Kay da abokan aikinsa sun ga cewa fuskar kwamfuta ta yi ƙanƙanta ga yawan abin da mutum ke son gani. Sai suka ɗauki darasi daga teburin ma'aikacin ofis: takardu suna hawa kan juna, ta sama ce ake karantawa, amma gefen na ƙasa yana leƙowa, don haka ba a manta da su. A 1975 Dan Ingalls ya rubuta dabarar da ake kira BitBlt, wadda ke kwashe wani yanki na hoton fuska ta ajiye shi wani wuri cikin sauri. Da ita ne jerin zaɓi ke iya tasowa a kan rubutu, ya ɓace, rubutun ya dawo yadda yake. Duk ƙaramar tagar da muke gani a yau jikar wannan dabara ce.

A wannan cibiya akwai wani mutum mai suna Larry Tesler, wanda aka fi sani da dabarar yanke rubutu, kwafe shi da liƙa shi a wani wuri. Tesler ya tsani abin da za mu kira yanayi, wato halin da na'ura ke shiga har dannawa iri ɗaya ta haifar da sakamako daban. Misalinsa mafi sauƙi shi ne maɓallin manyan baƙaƙe: mutum ya manta yana kunne, ya yi ta shigar da kalmar sirri ana ce masa ba daidai ba ce. Ƙiyayyar Tesler ga yanayi ta kai har lambar motarsa ya sa aka rubuta NO MODES, ma'ana ba a son yanayi.

To ƙaramar taga mai tare hanya ita ma yanayi ce, domin muddin tana nan, duk abin da ke bayanta ba ya amsa taɓawa. Amma akwai lokutan da ba makawa sai an tambayi mutum, kamar idan zai rufe rubutun da bai adana ba. Sulhun da aka cimma shi ne, idan dole sai an shiga yanayi, to a bayyana shi ƙarara yadda ba wanda zai ruɗe. A yi wa tagar iyaka, a ɗora ta sama, a bar aikin mutum yana leƙowa ta gefe.

Hujjar da ke nuna ƙarfin wannan sulhu ita ce, hatta waɗanda suka ƙi tagogi masu hawa kan juna sun yi wa ƙaramar taga uzuri. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 tana jera manyan tagoginta gefe da gefe, amma ta bar ƙananan tagogin tambaya da na saiti su hau sama. Haka Windows ta farko da Microsoft ya fitar a Nuwamban 1985: manyan tagogi ba sa hawa kan juna, sai tagar tambaya kaɗai. Sai a Windows ta biyu, a ƙarshen 1987, aka sakar wa sauran mara.

Harafi ɗaya da ya zama zagi

Tesler ya koma kamfanin Apple a 1980, ya shiga aikin kwamfutar Lisa wadda ta fito a 1983. Yana da ɗabi'ar gayyato mutanen da ba su saba da na'urar ba, a zaunar da su, a zuba ido a ga inda za su yi tuntuɓe. Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin injiniyoyin Macintosh, ya ba da labarin wani gwaji da ya kamata kowane marubuci ya sani.

A lokacin, maɓallin amincewa a ƙaramar taga yana ɗauke da kalmomin Do It, wato aikata. Sai aka lura wasu suna kauce masa, suna danna maɓallin fasawa. Da aka tambayi wani daga cikinsu, sai ya nuna ɓacin rai, ya ce me zai sa na'ura ta zage shi. Ashe a salon baƙaƙen da aka yi amfani da shi, babban harafin I ya yi kama da ƙaramin l, ratar da ke tsakanin kalmomin biyu kuma ba ta fito sosai ba. Sai mutumin ya karanta Dolt, wato dolo a Turance. Daga nan aka sauya zuwa OK, kalmar da tun farko aka guje mata don ana ganin ta yi kama da maganar titi.

Lokacin da aka ci amanar tagar

Da intanet ta yaɗu a shekarun 1990, 'yan talla suka gano cewa abin da ke iya tare mutum don amfaninsa yana iya tare shi don amfanin wani. Ethan Zuckerman, wanda ya yi aiki a kamfanin Tripod a wancan lokaci, shi ya rubuta umarnin da ke buɗe talla a wata taga ta daban. Dalilinsa shi ne, wani kamfanin motoci ya fusata da ganin tallarsa a kan shafin batsa, sai aka nemi hanyar raba talla da shafin da take rakiya. Abin ya zama annoba, mutum ya buɗe shafi ɗaya tagogi su yi ta faɗo masa. A 2014 Zuckerman ya fito a mujallar The Atlantic ya nemi afuwar jama'a.

Manhajojin shiga intanet sun ɗauki matakin toshe irin waɗannan tagogi, har Internet Explorer ta bi sahu a 2004. A 2005 kuma Lokesh Dhakar ya fitar da wata 'yar dabara mai suna Lightbox, wadda ke duhunta shafi ta nuna hoto a tsakiya ba tare da an buɗe sabuwar taga ba. Siffar da muka saba da ita yau, ta akwati mai haske a kan labule mai duhu, ta samu karɓuwa sosai ta wannan hanya. 'Yan talla ma sun rungume ta, tun da mai toshewa ba ya iya kama abin da ke cikin shafin kansa.

Wata matsalar ita ce yawan tambaya. Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a farkon 2007, takan duhunta fuska gaba ɗaya ta nemi izini kafin a yi wasu sauye-sauye. Tambayar ta yi yawa har mutane suka koyi danna amincewa ba tare da sun karanta ba, sai da Windows 7 ta rage ta a 2009. A 2007 ɗin ne Aza Raskin ya rubuta wata maƙala yana cewa, inda duk za a iya bai wa mutum damar warware abin da ya yi, to hakan ya fi a tsare shi da gargaɗi. Gmail ta kawo damar janye saƙon da aka riga aka danna turawa a 2009. Wannan ɗan layin da ke fitowa a ƙasan waya bayan mun goge abu, yana ba mu daƙiƙu kaɗan mu dawo da shi, daga wannan tunani ya fito.

Ƙaramar fuska, ƙaramin fili

Da Steve Jobs ya gabatar da iPhone a ranar 9 ga Janairu, 2007, fuskarta inci 3.5 ce, mai ɗigon hoto 320 a faɗi da 480 a tsawo. Wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda ta fito a Oktoban 2008, inci 3.2 ce. A irin wannan fili, barin gefe asara ce. Don haka a iPhone, yawancin ayyukan wucin gadi, kamar rubuta sabon saƙon imel, sukan taso daga ƙasa su rufe fuskar baki ɗaya. Gajeren gargaɗi da ɗan jerin zaɓi ne kawai aka bari su zama ƙanana.

iPad ce ta dawo da gefe a 2010. Fuskarta inci 9.7 ce, mai ɗigo 768 a faɗi da 1024 a tsawo, kuma shimfiɗa 'yar tambaya a kan wannan fili duka zai zama kamar rubuta kalma biyu a allon makaranta guda. Sai Apple ya tanadar wa maginan manhaja wata taga mai faɗin 540 da tsawon 620, wadda ke zama a tsakiya. Idan aka riƙe na'urar a tsaye, ɗigo 114 ke saura ta kowane ɓangare.

A ɓangaren Android, tun farko magini yana iya sa wa cikakken shafi rigar ƙaramar taga, sai ya fito da gefe, na bayansa yana leƙowa. Amma akwai wata wahala. Idan aka juya waya daga tsaye zuwa kwance, Android takan rushe shafin ta sake gina shi, tagar da ba a ɗaure ta da kyau ba sai ta ɓace da abin da aka rubuta a ciki. Android ta 3.0, wadda ta fito a 2011 don manyan na'urori, ta kawo tsarin DialogFragment da ke taimaka wa tagar ta tsira daga wannan juyi.

A Yunin 2014 Google ya fitar da ƙa'idar zane mai suna Material Design a ƙarƙashin jagorancin Matías Duarte. Ƙa'idar ta koma kan misalin Alan Kay: a ɗauka kowane abu a fuskar waya takarda ce mai inuwa, kuma girman inuwar ke nuna nisanta daga ƙasa. A jadawalin wannan nisa, ƙaramar taga ce aka ɗora a can ƙololuwa.

Bari mu ga yadda lissafin yake a aikace. Android tana awo da wani ma'auni da ake kira dp, wanda kusan 160 daga cikinsa ke yin inci ɗaya. Wayoyi da yawa faɗinsu 360 ne. A Flutter, kayan gina manhaja da Google ya fitar da cikakken zubinsa na farko a Disamban 2018, idan magini bai sauya komai ba, ƙaramar taga tana barin 40 a hagu, 40 a dama, da aƙalla 24 sama da ƙasa, labulen kuma baƙi ne mai kaurin kashi 54 cikin ɗari. A cire 80 daga 360, saura 280. A cikin tagar ma ana barin 24 ta kowane ɓangare kafin rubutu ya fara, saura 232. Wato filin da ya rage wa kalmomi bai kai inci ɗaya da rabi ba.

Babban yatsa ya ja tagar ƙasa

Wayoyi sun ci gaba da girma. Galaxy Note ta Samsung ta zo da inci 5.3 a 2011, iPhone 6 Plus ta zo da 5.5 a 2014. A wani bincike da Steven Hoober ya wallafa a 2013, bayan ya lura da masu waya sau 1,333 a tituna da wuraren taruwar jama'a, ya samu kashi 49 cikin ɗari na masu taɓa fuskar suna yi ne da hannu ɗaya. Babban yatsa kuwa ba ya kai wa saman doguwar waya. Sai tagar ta fara sauka, ta zama faifan da ke tasowa daga ƙasa, gefenta ya koma sama.

A 2019, da fitowar iOS 13, Apple ya sauya al'adarsa ta shekara 12. Shafin wucin gadi ya daina rufe fuska duka, ya koma kamar kati, ana hango kan shafin baya ta samansa, kuma ana iya jan sa ƙasa da yatsa a kore shi. Maginan da suka gina shafin shiga asusu bisa zaton ba a iya kauce masa sai da suka koma suka gyara. A 2021 iOS 15 ta ƙara damar tsayar da katin a rabin fuska.

Har yau duk mai gina irin wannan taga sai ya yanke wasu hukunce-hukunce. Idan aka taɓa labule, tagar ta rufe ko ta tsaya? Ga jerin zaɓi, rufewa ta fi. Ga fom ɗin da mutum ya ɓata minti biyar yana cikewa, rufewa zalunci ne. Idan allon rubutu ya taso, zai binne maɓallin amincewa? Idan dattijo ya ƙara girman baƙaƙen wayarsa, rubutun zai samu wuri? Makaho mai amfani da TalkBack ko VoiceOver ba ya ganin labule, don haka sai an hana muryar karanto abin da ke bayan tagar, in ba haka ba zai ɓace a tsakanin shafi biyu.

Abin da ke rataye a kan layi biyu

Kada ƙanƙantar tagar ta sa a raina ta. Tun daga Android ta 6.0 a 2015, manhaja ba ta isa ta buɗe kyamara ko lambobin da ke cikin waya ba sai ta nemi izini ta wannan taga. A Afrilun 2021 Apple ya tilasta wa manhajoji su tambayi mai iPhone kafin su bi diddiginsa a wasu manhajojin don talla. A Fabrairun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa sauye-sauyen na Apple za su rage masa kuɗin shiga da kusan dala biliyan 10 a wannan shekarar.

Inda kuɗi irin wannan yake, dole a samu masu wayo. A 2010 Harry Brignull ya fara tattara dabarun yaudara da ake sakawa a zanen manhaja, irin su ƙaton maɓallin amincewa mai launi kusa da ɗan mitsitsin na ƙi, ko alamar rufewa da aka ɓoye a lungu. Daga 10 ga Janairu, 2017, Google ya fara rage darajar shafukan da ke rufe wa mai waya abin da ya zo karantawa da tagar talla. Ma'aunin gane taga mai mutunci bai sauya ba tun zamanin Tesler: tana nuna inda mutum yake, tana faɗin abin da zai faru, kuma hanyar fita a bayyane take.

Rabonmu a ciki

Manyan manhajoji sun fara magana da Hausa, kuma kowace kalma da ke cikin tagoginsu wani ne ya zauna ya zaɓe ta. Matsalar Do It tana nan tana jiran mu da rigar gida. Mu ɗauki kalmar share. A Hausa tana nufin gogewa ko kawarwa. A Turance, da baƙaƙen nan biyar ba ragi ba ƙari, tana nufin rabawa ko tura wa wasu. Mai waya da ya saba ganin harsunan biyu a cakuɗe, in ya ga wannan kalma a ƙarƙashin hotonsa, ta ina zai san ko turawa za a yi ko gogewa? Mai fassara da ya san wannan zai rubuta goge, ya huta.

Haka kalmar soke. A ce taga ta tambaya ko a soke odar da aka yi, maɓallan kuma su zama To da Soke. Wanne ne ke soke odar, wanne ke soke tambayar? Ƙa'idojin Apple da na Google duka suna ba da shawarar a sa aikatau da ke faɗin ainihin abin da zai faru a kan maɓalli. A nan sai a rubuta Soke odar a ɗaya, Bar ta a ɗayan. A tagar tura kuɗi kuma, sunan mai karɓa da adadin kuɗin su fito a layin farko, maɓallan su zama Tura da Fasa. Sannan a duba ko baƙaƙenmu masu lanƙwasa suna fitowa daidai, domin taga mai cewa za a kara kuɗi maimakon a ƙara ta riga ta zubar da amanar mai karatu.

Wannan fage ne da marubucin Hausa zai iya shiga, ko ta fassara ko ta aiki tare da matasanmu masu gina manhaja, kuma horon da ke cikinsa zai amfani labari da waƙa ma: faɗin abu mai nauyi a filin da bai kai inci ɗaya da rabi ba.

Ga aikin wannan mako. Mu ɗauka marubuciya ta danna goge a kan littafin da ta shekara tana rubutawa a wayarta, kuma babu hanyar dawo da shi. Kowa ya rubuta mana tagar da za ta taso mata da Hausa: kanu ɗaya, jimla ɗaya, maɓalli biyu, duka kada su wuce kalma 20. Za mu tattauna waɗanda aka turo kafin maƙala ta gaba, in Allah ya kai mu.